Daga Tagullar Italiya Zuwa Bangon Ɗakin Kaka: Tarihin Hotunan Addini Na Takarda

MAI karatu, duk sanda aka fito da fim ɗin tarihin wani annabi ko sahabi, sai ka ji gari ya ɗauki ɗumi. Wannan malami ya ce haramun ne, wancan ya ce ai wa'azi ne, 'yan kasuwa kuma suna gefe suna ƙirga kuɗi. Da yawa sun ɗauka kyamara ce ta kawo rigimar. Ina! Rigimar ta girmi kaset, ta girmi majigi, ta girmi sinimar Palace da aka gina a cikin birni a farkon shekarun 1950. A jikin takarda ta faro.

In kai ɗan cikin badala ne, haifaffen Yakasai ko Mandawari ko Koki, ka san hotunan da nake nufi. Suna maƙale a bangon ɗakin tsofaffi, sama da jeren kwalla. Ga Buraƙa da fukafukai da fuskar mace da wutsiyar ɗawisu. Ga Sayyadi Ali (RA) a kan doki ya zare Zulfiƙar mai baki biyu. Ga Shehu Abdulƙadir da zaki kwance a gabansa, ga Ka'aba, ga Annabi Ibrahim (AS) da ragon layya. Wa ya zana su? Ta wace hanya suka iso Kurmi? In ka bi sawun sana'ar da ta haife su, sai ka tsinci kanka a wurin da ba ka zata ba, wato ƙasar Italiya.

YADDA TAGULLA TAKE HAIHUWA

A zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, masu zanen Italiya suna can suna fama da wata matsala. Mutum zai shekara yana zane a bangon coci, amma ba mai gani sai wanda ya taka ya je. Ya za a yi zane ɗaya ya zama dubu?

Hanya ta farko ita ce ta katako, kuma kamar hatimi take. A sassaƙe duk inda ba a so, a bar layin zanen a tsaye, a shafa tawada, a danna a takarda. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa a Italiya yana garin Forli. Hoton Nana Maryam ne da jaririnta, an liƙa shi a bangon wata makaranta. A 1428 gobara ta cinye makarantar, takardar ta tsira. Mutanen garin suka ce karama ce, suka kai ta babban cocinsu, suka ware mata ranar biki. Ka ga tun daga farko takardar kwabo tana iya zama abin da gari guda yake girmamawa.

Hanya ta biyu daga maƙeran zinariya da azurfa ta fito, irin maƙeran farinmu masu yi wa munduwa zane. A sami farantin tagulla mai santsi, a riƙa yanka layi a jikinsa da ƙarfe mai tsini. A cusa tawada cikin layukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi, a bi ta kai da injin matsi. Takardar sai ta tsotso tawadar daga cikin ramukan. Aiki ne na jan hali, domin komai a juye yake fitowa kamar a madubi, kuma in hannu ya zame, gyara sai an sha wuya. Andrea Mantegna, wanda ya mutu a 1506, yana cikin manyan da suka ɗaukaka wannan hanya.

Ta uku ita ce ta masu wayo. Maimakon ka yi kokawa da ƙarfe, sai ka shafe farantin da wani irin kaki, ka ɗauki allura ka yi zanenka a kai kamar mai rubutu a allo. Duk inda allura ta bi, tagulla ta fito fili. Sai a tsoma farantin cikin asid, asid ya ci wuraren da aka buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. Italiyawa suna kiran wannan akwaforte, wato ruwa mai ƙarfi. Parmigianino (1503 zuwa 1540) yana cikin na farko da suka gwanance a kanta a can. Da yake hannu a sake yake, layin yakan fito da rai, kamar zanen alƙalami.

To me suka fi bugawa? Addini. Bushara ga Nana Maryam, haihuwar Annabi Isa (AS), labaran Annabi Musa (AS) da Annabi Nuhu (AS), rayuwar waliyyansu, da kuma gicciyewa da binnewa, bisa aƙidarsu ta Kirista. Dalili a fili yake: akasarin jama'a ba su iya karatu ba, Littafin kuma da Latin yake. Hoto shi ne tafsirin talaka.

Akwai aiki guda da na so kowane daraktanmu ya nema ya kalla. A 1753 Giandomenico Tiepolo ya fitar da jerin hotuna 24 a kan labari guda tak, wato hijirar Nana Maryam da ɗanta zuwa Masar a kan jaki, kamar yadda Kirista suke ba da labarin. A wani hoton suna fita daga gari, a wani sun ba ka baya, a wani suna tsallake kogi a kwalekwale, a wani sun kusa ɓacewa a bayan tudu. Kai ka ce mutumin kyamara yake jujjuyawa. Shekara 142 ke nan kafin 'yan gidan Lumiere su haska fim ɗinsu a Faris a 1895.

SATAR FASAHA DA HUKUMAR TACEWA

Furodusan da yake kukan 'yan kwafi ya share hawaye, yana da abokin kuka tun shekara 500 da suka wuce. Albrecht Dürer, gwanin zane ne Bajamushe, ya sassaƙa tarihin Nana Maryam a katako. Wani matashi ɗan Italiya, Marcantonio Raimondi, ya kwafe su a tagulla, har da tambarin sunan mai su. Marubucin tarihin masu zane, Giorgio Vasari, ya ruwaito cewa Dürer ya kai ƙara gaban hukumar birnin Benis, kuma abin da ya samu kawai shi ne an hana Raimondi sa tambarin. Kwafi kuwa ya ci gaba. Da Dürer ya tashi buga jerin a littafi a 1511, sai da ya rubuta gargaɗi ga ɓarayin aiki a ƙarshensa, irin wanda muka saba gani a farkon kaset.

Shi Raimondin nan daga baya ya koma Rum ya zama mai buga zanen Raphael, kuma ta hannunsa Turai ta san aikin Raphael. Amma a 1524 sai ya buga wasu hotunan batsa guda 16 da Giulio Romano ya zana. Fafaroma Clement na 7 ya sa aka jefa shi kurkuku. Wanda ya zana fa? Ba abin da ya same shi, ya riga ya koma garin Mantuwa. Ka lura da wannan da kyau. Zane ɗaya a ɗakin attajiri bai dami hukuma ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne zanen da ya zama dubu ya shiga kasuwa. A 1563 kuma babban taron malaman Katolika na Tarento ya yanke cewa kada a kafa wani baƙon hoto a coci sai da amincewar bishop. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 tana da kakanni ke nan.

Sai kuma harkar ta faɗa hannun 'yan kasuwa. A garin Bassano, arewa da Benis, gidan Remondini ya yi shekara wajen 200, daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa 1861, yana buga hotunan waliyyai masu arha, a shafa musu launi da hannu. Masu talla kuwa talakawan wani kwari ne mai suna Tesino. Mutum zai saɓa akwatin katako cike da hotuna, ya bi ƙauyuka a ƙafa, wasu har Rasha. 'Yan kolinmu sak.

WATA UKU A KURMI

Yanzu mu dawo gida. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano ya rubuta kayan da ya gani a kasuwa. A ciki har da wata takarda mai alamar wata uku, wadda ya ce ana shigo da ita da yawa, ana naɗe tufafin da aka saƙa a nan da ita. In ka ɗaga irin takardar a rana, za ka ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikinta. A arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, musamman don kasuwannin Musulmi. Masu binciken tsofaffin littattafanmu sun sha cin karo da wannan alama, tare da sunan Andrea Galvani na garin Pordenone, a cikin Alƙur'anai da littattafan fiƙihu na Arewa. Daga Benis jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus, raƙuma su bi da ita ta Gadamas da Agadas, ta sauka a hannun Larabawan Dandalin Turawa.

Ikon Allah ke nan. Yanki guda ne yake yin takardar da ake buga fuskar waliyyan Kirista da wadda alarammomin Kano suke rubuta Alƙur'ani da ka. A can sun cika ta da fuskoki. A nan an cika ta da harafi, adon kuma ya tafi ga zayyana: ja da rawaya da baƙi, a alamar hizifi da sujada da rubu'i. Ba ƙarancin gwaninta ba ne. Duk wanda ya ga zayyanar allon sauka ya san hannu akwai shi. Zaɓi ne aka yi bisa fahimtar malamai game da surar abu mai rai.

Italiyawa ma sun taɓa gwada sa'arsu a kasuwar masu karanta Larabci. A Benis aka fara buga Alƙur'ani da inji, tsakanin 1537 da 1538, a maɗaba'ar Paganini. Kurakurai sun yi masa yawa, bai karɓu ba, har aka ɗauka ya ɓace gaba ɗaya, sai a 1987 aka tsinci kwafi guda a ɗakin karatun wasu 'yan zuhudu. A 1590 zuwa 1591 kuma maɗaba'ar gidan Medici da ke Rum ta buga Linjila da Larabci, da hotuna kusan 150 daga zanen Antonio Tempesta. Wannan ma kwantai ya yi, domin har a 1774 ana sake yi wa ragowar bango ana neman mai saye.

TA MASAR SUKA ƁULLO

Abin da Rum ta kasa, Alƙahira ta iya. A 1815 Muhammadu Ali na Masar ya tura wani saurayi, Niƙula Masabiki, birnin Milan ya koyo ɗab'i. Da ya dawo aka kafa maɗaba'ar Bulaƙ, kuma littafin da aka fi sani a matsayin na farkonta, a 1822, ƙamus ne na Italiyanci da Larabci. A daidai wannan zamani wata sabuwar dabara tana yaɗuwa, wadda Alois Senefelder ya gano a Jamus a 1796: bugu da dutse. Ka yi zane da tawada mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, ka jiƙa shi, tawadar bugu sai ta kama inda maiƙo yake kaɗai. A 1837 aka yi rajistar hanyar buga launuka da ita, kowane launi da dutsensa. Wannan ta yi wa Musulmi daɗi, domin tana ɗauko rubutun hannu yadda yake. Jikarta ce hanyar da aka bi aka yaɗa Alƙur'anin rubutun hannun Sharu Bala na Gabari har ya shiga makarantun allo ko'ina.

Amma dutsen da ya ɗauki harafi ai zai ɗauki fuska. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, ƙananan maɗaba'u a Alƙahira da Santambul da Tunis, daga baya har Bombay, sun shiga buga hotuna masu launi na wuraren ibada da waliyyai da jaruman Musulunci. Alhazai da fatake suka riƙa shigo da su Afirka ta Yamma. Sun yi tasirin da har Faransa ta tsorata. William Ponty, gwamna janar na ƙasashen da ta mallaka a yankin daga 1908 zuwa 1915, ya hana shigo da su. Masana sun ce wannan hanin yana cikin abin da ya sa mutanen Senegal suka koma kwafe su a bayan gilashi, sana'ar da ta zama abin alfaharinsu.

A Kano kuwa hanya ce ta sauya. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, ayarin Sahara ya ja baya. Kaya suka koma biyowa ta teku da jirgin ƙasa, ko a akwatin alhajin da ya bi ta Chadi da Sudan, daga baya kuma ta jirgin sama. Tsarabar Makka ba ta cika ba sai da hoton Ka'aba da na Masallacin Madina. 'Yan littattafan Kurmi da masu shimfiɗa a bakin masallacin Juma'a suka ɗauki tallan sauran. Da ɗariƙar Shehu Ibrahim Inyass ta bunƙasa a Kano bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a Makka a 1937, sai hoton kyamara ya shigo layin. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, wa'azi a kan rataya hotuna ya yi ƙarfi, gidaje da yawa suka sauke nasu, wasu kuma suka riƙe.

GANI YA KORI JI

Ga inda gizo yake saƙar. Rufe idonka ka ce Buraƙa. Me ka gani? Na san amsar: farin doki mai fuskar mace da kambi. To hadisan Bukhari da Muslim sun siffanta ta ne da farar dabba, ta fi jaki ba ta kai alfadari ba, tana sa ƙafa a iyakar ganinta. Ba fuskar mace a ciki. Masu zanen littattafan Farisa ne suka yi fice da ba ta kan mutum, kamar a littafin Mi'irajin da aka zana a Herat a 1436, wanda yake ajiye a Faris. Injin bugu ya ɗauko wannan sura ya ninka ta, ta zauna daram a kanmu. Haka Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, da Shehu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Dukansu sun bar duniya kafin a ƙirƙiro kyamara, fuskar da ka sani tasu tunanin wani mai zane ce. Dubi ma bangon littattafan yaƙin da kake haya a shago: jarumi a kan ingarma, takobi a sama, ƙaton abokin gaba ya rabu biyu. Ai jikan hoton Sayyadi Ali da Ra'asul Guli ne.

Fim gadon wannan ƙarfi ya ci, ya ƙara da motsi da murya da kiɗa. A 1977 daraktan Italiya Franco Zeffirelli ya yi fim ɗin tarihin Annabi Isa (AS), ya ba wani Bature ɗan Ingila, Robert Powell, matsayin. Hoton Powell ya koma kalanda da fosta, Kiristoci da dama a Afirka suka rataye shi a ɗaka a matsayin Almasihu. Kada ka yi musu dariya. A 2008 Iran ta fitar da dogon fim ɗin Annabi Yusuf (AS), kashi 45, wanda Farajollah Salahshoor ya ba da umarni. Aka fassara shi da Hausa, ya shiga gidaje. Tambayi wanda ya kalle shi tun yana yaro, in liman ya ja Suratu Yusuf a asham, fuskar wa take zo masa? Ta Mostafa Zamani ce, ɗan wasan da ya fito a matsayin. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kan ce-ce-ku-cen da irin waɗannan finafinai suka tayar a Arewa. Ko a 2012, da tashar MBC ta nuna tarihin Sayyadina Umar (RA) da fuskar ɗan wasa, malaman Azhar ba su amince ba.

Shi ya sa har gobe nake cire wa Moustapha Akkad hula. A fim ɗinsa The Message na 1976 bai nuna Manzon Allah (SAW) ba, bai sa muryarsa ba, bai nuna halifofi huɗu ba. Kyamara ce take tsayawa a inda ake fuskanta, 'yan wasa su yi magana da ita, su yi shiru, kai mai kallo ka cike sauran da zuciyarka. A fagen Badar, abin da ka gani na Sayyadi Ali shi ne bakin Zulfiƙar kawai. Fostar Kurmi ta ba ka mutumin gaba ɗaya har da gashin baki, Akkad ya ba ka tsinin takobi, kuma tsigar jikinka ta fi tashi. Dabararsa ta fi kusa da ta mai zayyana: a ƙawata gefe, a bar tsakiya ga abin da ya fi ƙarfin zane. Ko Majid Majidi na Iran, da ya yi fim a kan ƙuruciyar Manzo (SAW) a 2015, ya ɗauko gwanin kyamara ɗan Italiya, Vittorio Storaro, mai lambar Oscar uku, bai nuna fuska ba, duk da haka bai tsira daga suka ba.

Hukuncin halal da haram na malamai ne, ba na mai sharhin fim ba. Nawa jan hankali ne ga masu sana'a. Darakta, in za ka taɓa tarihin addini, ko na Shehu Usmanu ne ko na Wali Ɗan Marina, ka sani rawanin da ka naɗa wa ɗan wasa da fuskar da ka zaɓa za su iya zama su ne tarihin a kan yaran da ba a haifa ba. Wanda ya zana Buraƙa bai san zanensa zai kai Jakara ba. Ka yi bincike, ka zauna da masana, ka kuma koyi sanin inda ya kamata kyamara ta sunkuyar da kai.

Na biyu kuma ajiya. A 1738 Fafaroma Clement na 12 ya sayi farantan tagullar gidan De Rossi, ya kafa musu ma'ajiya a Rum, wadda ta tara faranti sama da 20,000. Garin Bassano ya buɗe gidan tarihi don hotunan kwabon Remondini, waɗanda masu kuɗin zamaninsu suke rainawa. Namu fa? Gara tana ci, damina tana jiƙawa, in tsohuwa ta rasu a share ɗaki a zuba a bola. Ko kana ganin rataya su kuskure ne, ajiye su don nazari wani abu ne daban, domin shaida ne na hanyoyin da kakanninmu suka bi da abin da idonsu ya saba gani. In ka ci karo da ɗaya, duba ƙasansa da kyau, sau da yawa akwai sunan maɗaba'a da garin da aka buga shi da ƙananan haruffa. Ka ɗauke shi a waya, ka sa shi cikin leda, ka tuntuɓi Gidan Makama ko masana a Jami'ar Bayero. Haka za mu yi da fostocin finafinanmu na zamanin kaset, kafin su ma su bi sahu.

Allah ya sa mu dace.